A Daina Sayar Mana Da Ajali Da Sunan Gyaran Babur

Abin da ake yi wa tsofaffin babura a Kumasi da sunan gyara ya kai maƙura, kuma lokaci ya yi da za a faɗi gaskiya komai ɗacinta. Daga lungunan bayan Adum zuwa Alabar, Aboabo, Asawase da Sabon Zango, kullum sai ka tarar an kwance wani tsohon babur, wai za a ɗaga shi domin ya iya shiga daji. A yanke nan, a liƙe can, a fasa salansa, a jera fitilu, a fesa fenti, mai babur ya biya ya hau yana washe baki. Birki kuwa, wanda shi kaɗai ne tsakaninsa da kabari, ba wanda ya ko kalle shi. Ganganci ne ake yi da rayukan bayin Allah, kuma da bakanike da mai sayar da kayan gyara da mai babur da hukuma, kowa yana da kamasho a cikin wannan alhaki.

Kada wani ya ɗauka ina ƙyamar tsohon babur ne, ko ina cewa a bar shi yadda kamfani ya ƙero shi. Buƙatar gyaran ta gaskiya ce. Mutumin Zango rabin neman abincinsa a kan kwalta yake, rabi a kan burji. Da safe yana Adum ko Kejetia yana ɗaure kayan shago a kariya, kafin azahar ya wuce Mampong ya nufi ƙauyukan Ejura neman masara da doya, ko ya bi ta Offinso, ko ya yanki hanyar Tepa inda goro da koko suke. Kwalta tana raka shi zuwa babban gari ne kawai, daga nan sai jar ƙasa. Ƙasar Asante damina biyu take yi, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, kuma a dukkansu hanyar ƙauye laka ce mai santsi da ramukan da ruwa ya zaizaye. Hunturu na shigowa sai lakar ta zama ƙura mai shiga hanci da inji. Sabon babur kuwa farashinsa dala yake bi, ya fi ƙarfin mai ƙaramin jari. Saboda haka wanda ya gaji babur daga yayansa, ko ya sayi na hannu, ya ce zai gyara shi ya ci kwalta ya ci daji, ya yi tunanin masu hankali. Abin da ke ƙona mini rai shi ne a karɓi guminsa a mayar masa da abin da ya fi na da haɗari.

Su kansu baburan da muke wulaƙantawa, da ilimi aka ƙera su. Honda CG125, wanda ya fito a 1975, kamfanin ya tsara shi ne bayan ya ga yadda ake amfani da babur a ƙasashe irin namu, inda ake labta masa kaya kuma a daɗe ba a canza baƙin mai ba. Shi ya sa aka yi masa inji mai sauƙi mai juriya, kuma da yawa daga cikin ƙananan baburan China da suka cika kasuwarmu tsarinsa suka kwaikwaya. Amma babur ne na titi, ƙafafunsa gajeru, wilinsa inci 18. Yamaha AG100, wanda malaman gona da ma'aikatan lafiya suka daɗe suna ratsa karkarar arewacin Ghana da shi, an yi shi ne tun 1973 domin manoman Ostareliya: sarƙarsa a rufe take ruf don kada laka ta ci ta, ga kariya gaba da baya. Su Honda XL125 da Yamaha DT125 kuwa an ba su wilin gaba mai inci 21 da dogayen ƙafafu masu shanye rami. Waɗanda suka ƙera baburan daji sun auna komai tare, tsayin ƙafa da karkatar wuya da girman wili da ƙarfin birki, kowanne yana riƙe da ɗan'uwansa. In ka taɓa ɗaya ba ka san abin da yake riƙe da shi ba, ka ɓata sauran.

A wani gareji da ke bakin kwata a cikin Zango na tsaya na ga yadda ake ƙara wa babur tsayi. An ciro ƙafafun gaba, an yanko guntun bututun ruwa, irin wanda ake jan famfo da shi, an ɗora a kan kowace ƙafa an bi da walda. Mai waldar ko tabarau babu, ya kawar da kai yana liƙi da ka. Da ya gama, yaron gareji ya goge wurin da sanfefa, ya shafa baƙin fenti, tabon ya ɓace. Na ce wa maigidan, "Masta, wannan liƙin zai ɗauki rami kuwa, ga mutum ga buhu?" Ya ce, "Haba Malam, bar wa Allah. Na sha yin irinsa, ba wanda ya taɓa dawowa ya ce ya karye." Wallahi wannan amsa ta tsaya mini a wuya. Wanda ƙafar gaba ta karye masa yana gudu a gangaren Mampong ba gareji ake dawo da shi ba, asibiti ake kai shi ko maƙabarta. Ƙarfen ƙafar gaba ƙarfe ne na musamman da aka gasa domin ya lanƙwashe kaɗan ya dawo, zafin walda yana kashe wannan ƙarfi, kuma daidai bakin liƙin ne yake tsagewa. Mafi yawan nauyin babur da na mahayi a kan wannan wuri yake sauka idan aka taka birki. Mutumin da ya san haka ya yi, azzalumi ne. Wanda bai sani ba kuma ba shi da hurumin taɓa ƙafar babur ɗin kowa.

Haka ake yi wa baya. A samo dogon shok na wani babur daban a cusa, bayan ya ɗage sama, mai shi ya ji daɗi wai ya samu tsayi. Ba a gaya masa cewa ɗaga baya kaɗai yana tunkuɗa nauyi gaba, ya miƙar da wuyan babur, sai kan ya riƙa rawa da zarar an ɗan ja gudu a kan kwalta. Ba a gaya masa cewa sarƙa tana ƙara ɗaurewa duk lokacin da shok ya nutse, don haka in aka ɗaure ta tam babur yana tsaye ba kaya, ranar da aka ɗora buhun masara aka faɗa rami sai ta ci boris ɗin giya ko ta tsinke ta naɗe wili. Wasu kuma su tura babban wili a ƙafar da ba tasa ba, ba su bar tazara tsakanin taya da murfinta ba. Laka ta cika wurin, taya ta cije, mutum ya tashi sama. Sai a ƙera doguwar kariya ta wuce wilin baya da kamu biyu, a labta mata kaya, gaban babur ya zama ba nauyi, ƙashin baya ya tsage a hankali ba wanda ya lura.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne cin zarafin inji domin ƙara. Matasa su je a fasa musu salansa, a cire matatar iska a jefar, wai babur ya samu numfashi. Ƙaryar banza ce. Kafireta an saita ta ne da gwargwadon iskar da matata ke bari ta shiga da wadda salansa ke bari ta fita. In ka buɗe duka biyun, iska ta rinjayi mai, inji ya ɗauki zafi, bawul ya ƙone. In kuwa injin irin na AG100 ko DT125 ne, mai shan mai gauraye, ai tukunyar salansar tana cikin abin da ke ba shi ƙarfi, fasa ta rage masa ƙarfi ne. Kuma wace irin wauta ce mutum ya ce zai shiga hanyar burji ya cire abin da ke tare ƙura? Ƙurar jar ƙasa gari ne na dutse, tana shiga ta goge fistin da zobbansa, kafin hunturu ya fita babur ya fara hayaƙi yana shan baƙin mai. Ribar da aka ci ita ce hana tsofaffi barci da firgita yara a lungu da damun masu salla. Wasu har faɗaɗa inji suke yi su sa babban fistin, gudu ya ƙaru, birki kuwa yana nan na ƙaramin inji.

Maganar taya ita ma ba a faɗa wa mutane gaskiyarta. Taya mai manyan haƙora tana kama laka da yashi, amma a kan jiƙaƙƙiyar kwalta robar da ke taɓa ƙasa kaɗan ce, ga ta da saurin cinyewa. Wanda yawancin tafiyarsa tsakanin Adum da Asafo da Tafo take, ya sa irin wannan taya don ado, ranar da aka yi yayyafi ya taka birki a shataletale zai gane kurensa. Taya mai sulɓi ta titi kuma ba ta da abin da za ta riƙe a laka. Akwai taya ta tsaka-tsaki da aka yi domin hanya biyun, ita ce ta dace da mafi yawanmu. Rage iska kaɗan yana taimakawa a yashi, amma wanda ya koma kwalta da kaya bai ƙara iskar ba, taya za ta yi zafi, bakin wili ya datse tub. Bakanike na ƙwarai tambaya yake fara yi: ina kake zuwa, me kake ɗauka, kwalta ta fi yawa ko burji? Wanda bai tambaye ka wannan ba aljihunka kawai yake kallo.

Gyaran gaskiya yana da tsari, kuma ba ya da ƙyalƙyali. A fara da birki: a buɗe gangar a wanke laka, a sa sabuwar fatar birki mai kyau, a canza wayar da ta fara tsinkewa. A duba boris ɗin wuya da na wili, a sa giris. A ɗaure wayoyin wili a daidaita shi, domin wili mai waya yana shanye dukan rami kuma yana gyaruwa, na zubi kuwa tsagewa yake. A zuba sabon mai a ƙafafun gaba a canza robobinsu, a sa shok mai ƙarfi wanda tsayinsa ya yi daidai da na asali ko ya ɗara kaɗan. A sa matatar soso a riƙa wanke ta ana shafa mata mai. In ana son ƙarfin hawa tudu da jan kaya, a ƙara girman faifan haƙoran baya kaɗan, a yarda gudu ya ragu, kuma a canza sarƙa da faifan gaba da na baya lokaci guda, don tsohon haƙori cinye sabuwar sarƙa yake. A ƙera farantin ƙarfe a ɗaura a ƙarƙashin inji da kusoshi ya kare shi daga dutse. A gyara fitila ta haska hanya, a saita ta ƙasa kada ta kashe idon mai tahowa. Bayan duk wannan, in kuɗi sun ragu, a yi fenti. Ƙungiyar Riders for Health, wadda ta kula da baburan ma'aikatan lafiya a Gambiya da Lesotho da Zimbabwe, da wannan dabarar ta yi suna: mahayi ya duba baburinsa kowace safiya, a canza kaya a kan lokaci tun kafin su lalace. Rigakafi ya fi magani.

To amma ko ka samu bakanike mai tsoron Allah, ina za ka samu kayan? A nan ne cutar ta fi muni. Ka shiga shagon kayan gyara ka nemi fatar birki, mai shago ya miƙo maka biyu, kwali iri ɗaya, tambari iri ɗaya, ya ce, "Malam, wanne za a ba ka, mai kyau ko na talaka?" Ka juya na talakan a hannunka, ka ga fatar an manna ta ne da gam, gefenta har ya fara ɗagowa, in ka sa farce sai gari ya zubo. Wannan in ta ji zafin gangare ko ta sha ruwan rafi, ɓarewa take ta cije wili ko ta bar ka ba birki. Wannan mai shagon ma ya yi ƙoƙari da ya faɗa, wani jabun zai ba ka a kuɗin na asali, ya rantse maka da Allah. Haka sarƙa, haka boris, haka tub, haka hular kwano da ke fashewa in ta faɗo daga kan kujera. Mun iya cewa araha ba ta ado, amma a harkar birki araha kisa take yi. Ɗan kasuwar da ya san kayansa jabu ne ya sayar wa mai iyali, ya kwana da sanin cewa algus haramun ne, kuma jinin da ya zuba a kan hanyar Ejura yana da rabo a ciki, ko da sahun farko yake salla.

Mu masu hawa ma ba mu kuɓuta ba. Kakanninmu fatake da suka yi safarar goro tsakanin Kano da Salaga ba sa tashi daga zango sai madugu ya tabbatar an duba kofaton jaki da akumari da igiya, domin sun san dabbar da ta gurgunce a dokar daji asarar ayari ce gaba ɗaya. Mu jikokinsu mun hau abin da ya fi jaki gudu nesa ba kusa ba, amma ba ma iya durƙusawa minti biyu da safe mu taɓa sarƙa, mu matsa birki, mu duba iska. Bakanike ya ce a sayi fatar birki, mu ce a lallaɓa tukuna, amma kuɗin fitila mai walƙiya da ƙaho mai kukan mota ba sa gagara. Dokar hanya ta 2004 ta wajabta hular kwano a kan mai tuƙi da wanda aka goya, amma dubi yadda ake rataye ta a hannun babur sai an hango ɗan sanda. A goya mata da goyonta da yara biyu a kan babur ɗin da aka yi wa walda a wuya. In abu ya faru a ce ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, amma addininmu bai taɓa koya mana sakaci ba, ɗaure raƙumi ake yi sannan a yi tawakkali.

Hukuma kuwa ƙarfinta a kamu da hani ya ƙare. Dokar L.I. 2180 ta 2012 ta haramta ɗaukar fasinja a babur don kuɗi, amma sana'ar ba ta mutu ba, sai ma ta bazu, ta yi shekaru tana gudana a bayan doka, inda babu horo babu dubawa. A 2023 hukumar birnin Kumasi, KMA, ta hana masu pragya, wato keke mai ƙafa uku, shiga tsakiyar kasuwanci, wato su Adum da Kejetia, aka yi ta kai ruwa rana. In ana da ma'aikata da motocin da za a tare hanya a kwashe abin hawa, me ya hana a samu waɗanda za su shiga gareji su koyar? Ghana tana rasa fiye da mutum 2,000 a kan hanya kowace shekara a 'yan shekarun nan, kuma duk wanda ya taɓa leƙa sashen haɗurra na asibitin Komfo Anokye ya san yawan 'yan babur da ake shigowa da su. An kafa hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, NRSA, da sabuwar doka a 2019. An kafa Asusun Raya Zango a 2017. Muna da DVLA mai ba da takardar lafiyar abin hawa, muna da hukumar kula da ingancin kaya. Duk da wannan jerin ofisoshi, bututun famfo yana zama ƙafar babur da rana tsaka, fatar birki ta gam tana rataye a shago kowa yana gani. Kuma kada a manta tushen matsalar: da hanyoyin karkara suna samun gireda da magudanan ruwa a kan kari, da talaka bai shiga neman ɗaga babur ido rufe ba.

Abin takaicin shi ne a Kumasi ake wannan aika-aika, garin da yake da Suame Magazine, ɗaya daga cikin manyan matattarar makanikai da maƙera a Afirka, inda dubban hannaye ke narka ƙarfe suna yanka shi a kan injin. Jami'ar KNUST ta kafa cibiyar ba da shawara kan fasaha tun 1972, kuma a 1980 ta buɗe reshe a cikin Suame domin kai ilimin injiniya ga masu sana'ar hannu. A 2013 makanikan Suame tare da abokan aiki daga Holan suka ƙera mota sukutum mai suna Turtle, wadda aka tsara domin munanan hanyoyi. Mutanen da suka iya wannan, farantin kare inji ko kariya mai awo ko maɗaurin birki mai inganci ba zai gagare su ba. Gwaninta tana nan, a Zango ma akwai dattawan makanikai da ke gane ciwon inji da kunne, waɗanda ba za su taɓa yarda su yi walda a ƙafar gaba ba ko nawa za a ba su. Su ne ake gudu a ce suna da tsada da jinkiri, a tafi wurin yaron da ya yi wata shida a gareji ya buɗe nasa.

Saboda haka ga abin da nake nema, kuma ba alfarma nake roƙo ba. Asusun Raya Zango da KNUST da ƙungiyoyin makanikan Suame su haɗa kai su shirya gajeren horo na gyaran babur, da Hausa da Twi, a cikin unguwanninmu, a ba wanda ya ci shaidar da zai rataya a garejinsa. Shugabannin makanikan babur su zauna su yanke hukunci a tsakaninsu cewa walda a ƙafar gaba da wuyan babur haramtacciya ce a sana'arsu, wanda aka kama a kore shi daga ƙungiya. Hukumar ingancin kaya ta bi jabun birki da jabun hular kwano tun daga tashar jirgin ruwa ta Tema har zuwa kan kanta. Masu duba lafiyar abin hawa su riƙa fitowa fili a Aboabo da Asawase a ranakun da aka sanar, su duba babur da hannunsu, su nuna wa mai shi abin da zai gyara kafin a kai ga tara. Sarakunan Zango da limamanmu su sa baki, a yi huɗuba a kan alhakin bakanike da na ɗan kasuwa kamar yadda ake yi a kan tauye mudu, a kuma tsawata wa samarin da ke fasa salansa.

Kai kuma ɗan'uwa mai tsohon babur, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Gyara shi, ƙarfafa shi, ka shiga daji da shi ka nemo halalinka. Amma ka tsaya a kan aikin da idonka, ka tambayi dalilin duk abin da za a yanke ko a liƙe, ka sayi fatar birki mai kyau ko da za ka haƙura da fenti har baɗi. In bakanike ya ɗauko walda ya nufi ƙafar gaba, karɓi makullinka ka tura baburinka ka bar masa garejinsa. Iyalinka suna jiran dawowarka, kuma ranka amana ne da za a tambaye ka a kansa.